Birkin Fijo da Masu Karanta Ƙarfe

A zamanin da Fijo ke mulkin tashar Ƙonni, takardar mota ba ta faɗin abin da ke ƙarƙashin motar. Kati zai ce Peugeot 504, ƙirar shekara kaza, lamba kaza. A ɗaga ta da jak a cire tayu, sai a tarar ƙafar gaba ta Kaduna ce, ta baya an ciro ta daga wata da ta mutu a hanyar Arlit, injin kuwa wani ne ya ɗauko shi a Sakkwato lokacin da naira ta faɗi. Babu wanda ya kira wannan ha'inci. Haka mota ke tsufa a bakin iyaka, kuma yawancin wannan haɗin-gambiza ba ya cutar da kowa. Ƙofa mai launi daban tana rufuwa, fitilar wata mota tana haska hanya. Birki ne kaɗai ba ya yarda da "ai kusan ɗaya ne". Shi ya sa a garejin wancan lokaci, bakaniken da ake ji da shi shi ne wanda zai tsuguna gaban ƙafar mota, ya goge ƙarfe da tsumma, ya gaya maka daga ina ya fito, da me kuma zai iya zama.

Wanda bai san inda Ƙonni take ba zai yi mamakin yadda mota iri ɗaya ta zama iri-iri. Garin yana kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, sama da kilomita 400 daga Yamai. Kaɗan gabas da shi, a Tsarnawa, hanyar Tawa ta ɓalle ta yi arewa, ta bi ta Gidan Idar da Badagishiri, inda ake ratsewa zuwa Illelar Nijar. Idan ka miƙe gabas sai Malbaza mai siminti da Galmi mai albasa. Kudu kuwa, tafiyar ƴan mintoci, Illelar Najeriya ce, daga nan sai Sakkwato. Motoci da yawa da suka shigo ƙasar nan, ta kudu ko ta arewa, tayarsu ta taka Ƙonni.

Akwai sababbi da ake kawo wa gwamnati da manyan ƴan kasuwa kai tsaye daga Faransa, amma su ƴan kaɗan ne. Mafi yawa daga Kaduna suke. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, kuma abin da yaran yanzu ba za su yarda ba shi ne, shekara da shekaru a jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga birnin Lyon a sauke a Kano, sannan a loda su zuwa Kaduna. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar jami'anta, sai ta zama motar kowa, kuma duk wadda ta gaji da aikin gwamnati ko na tasha a can takan tsallako ta ƙarasa rayuwarta a nan. Sannan ga na Turawa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Faransa da Jamus da Holan sun mayar da abin sana'a: su sayi tsohuwar 504 a gida, su ƙetare teku da ita zuwa Aljeriya, su ratso sahara ta Tamanrasset, su sayar a Arlit ko Agadas ko Tawa ko Yamai, su hau jirgi da kuɗin. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 ne suka toshe wannan hanya. Motocin da suka biyo ta kuwa kowacce da shekararta, kowacce da irin gyaran da ta sha a ƙasarsu kafin ta zo.

Direbobin tasha suna alfahari da cewa motarsu motar tsere ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ƙirar 404 ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1963, ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Ita kuma 504, wadda ta fito a 1968 aka zaɓe ta motar shekara ta Turai ta 1969, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, ta ci gasar Maroko a wannan shekara a hannun Hannu Mikkola, ta ci ta Bandama a Kodebuwa ba sau ɗaya ba. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin Safari da 504 mai ƙofa biyu da injin V6, wadda a yau masu tara tsofaffin motoci a Turai ke zuba kuɗi a kanta. A ƙarshen wannan shekarar aka fara tseren Paris zuwa Dakar, ayarin ya ratso ta Agadas zuwa Yamai, wasu shekarun ma ya yada zango a Tawa, kuma daga 1987 zuwa 1990 Peugeot ce ta lashe shi a jere. Abin dariya a nan shi ne, shi Andersson ɗin da ya ɗaga sunan 504 a Kenya shi ne ya jagoranci rukunin tseren Toyota a Turai, kamfanin da motocinsa suka zo suka kori Fijo daga tashoshinmu.

Sai dai alfaharin yana ɓoye wani abu. Motar tsere mutum biyu take ɗauka, ga ayarin makanikai suna jiranta a kowane zango da sababbin kaya. Fijon tashar Ƙonni kuwa mutum tara ko goma take kwasa, ga buhunan albasa a baya, ga akuya a sama, ta gangaro daga tuddan Adar da rana tsaka a watan Afrilu. Wahalar da birkinta ke sha, wani lokaci ta fi ta motar Safari, kuma ba wanda ke jiranta da komai a gindin gangara.

Shi birkin faifai daga filin tsere ya samu sunansa. A 1953 motar Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans da birkin faifai na kamfanin Dunlop, saboda direbanta yana iya jinkirta taka birki kafin kwana fiye da abokan karawarsa masu birkin ganga. Dalilin a fili yake. A birkin ganga, wanda muke ce wa tambur, lainin yana cikin rufaffen ƙarfe, zafi ba ya samun hanyar fita. Gangar ta yi zafi ta buɗe, lainin ya rasa kamu, direba ya taka ya ji ƙafarsa na nitsewa. Faifai kuwa a waje yake, iska na bugunsa, kuma kalifa tana matse shi ta gefe biyu. Citroën ta sa shi a gaban DS a 1955, Renault 8 ta zo da shi a ƙafa huɗu a 1962. Peugeot, da yake gidan ƴan a-yi-a-hankali ne, ta bar 404 da ganga har zuwa ƙarshen shekarun 1960 kafin ta ba salun ɗinta faifai a gaba. Da 504 ta zo, salun ɗin farko faifai ne gaba da baya. Amma doguwar, mai layi uku da tasha ta fi so, da a-kori-kurar da ta biyo baya, da ƙaramar salun mai araha da aka fitar a 1973, duk ganga ce a bayansu, a kan miƙaƙƙen aksil mai jure kaya. Ka ga ke nan tun daga masana'anta sunan ɗaya ne, birkin ba ɗaya ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba, domin Peugeot ba ta ƙera birki da kanta, saye take yi. Wata 504 kalifarta ta Girling ce, wata ta Bendix, wadda wani lokaci za ka ga an rubuta DBA a jikinta. Da 505 ta shigo a 1979 sai ga ATE na Jamus ya ƙaru. Kowane da siffar falaketinsa, wato lainin da ke matse faifai, da yadda ake ɗaure shi, da girman robarsa. A kan wannan ne karatun ƙarfe ya ginu, kuma na ga yadda tsofaffin ke koyar da shi. Kafin yaron gareji ya taɓa sifana, sai an sa shi ya wanke kalifa da kananzir da burushin waya har rubutun da aka zuba tare da ƙarfen ya bayyana. Sunan maƙeri ke nan. Kusa da shi akwai lambobi, kuma sau da yawa ɗaya daga ciki faɗin fistan take nunawa a milimita. Yaron da bai taɓa zama a aji ba yakan haddace siffar waɗannan haruffa, ya gane Girling daga nesa.

Daga nan sai hagu da dama. Kalifa biyu na iya zama kamar tagwaye, su ɗauru a kowane gefe, amma ɗan notin da ake kwancewa a fitar da iska dole ya kasance a sama, don iska sama take hawa. Ka ɗaura ta hagu a dama, notin ya koma ƙasa, sai ku wuni yaro na famfa birki kana kwancewa kana ɗaurewa, mai na zuba, birkin yana nan laushi tuɓus. Sai kuma haƙoran notin bututu, wanda shi ne mugun tarko. Motocin Faransa awon milimita suke bi. Tsofaffin Land Rover na Ingila, waɗanda gwamnati da ma'aikatan ayyukan raya karkara suka cika ƙasar da su, awon inci suke bi. Notin birkin nan biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, har na incin yakan shiga ramin na milimita ya yi kamar ya kama. Zai riƙe a gareji, zai riƙe a cikin gari. Ranar da jaki ya faɗo hanya aka taka da ƙarfi, ranar zai fita. Maigidan da ya san aikinsa da yatsa yake fara ɗaura noti. Idan ya ji yana rawa a cikin ramin, sai ya jefar da shi, ko da shi kaɗai ya rage a akwatin.

Saboda haka ne ba a aiken yaro kasuwa da baki. Makanikan Ƙonni sunayen kayansu rabi na Faransanci ne, ƴan kasuwar Sakkwato da na Ƙofar Ruwa a Kano kuma na Ingilishi suke ji, to maimakon a tsaya jayayya sai a naɗe tsohon ƙarfen a tsumma a ba yaro. Ya je ya ɗora sabo a kan tsoho, rami ya hau rami, kunne ya hau kunne. Ƴan kasuwar Ibo da ke riƙe da yawancin shagunan safaya su ma sun san wannan karatu, wasunsu ma sun fi makanikan, don su ne za su ce maka na Faransa ne wannan, wancan na Taiwan, zaɓi ya rage ga aljihunka.

Gane ƙarfe ɗaya ɗaya rabin aikin ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuya, shi ne sanin cewa birki gida ɗaya ne, duk abin da ka taɓa a cikinsa sauran sai sun ji. Masta, wato famfon da ke bayan matakin birki, an auna faɗinsa ne daidai da fistocin da zai tura. Ka sa manyan kalifofi ka bar ƙaramin masta, ka zama mai garkar albasa a Galmi da ya ƙara fangali goma bai sauya injin ban-ruwa ba: ƙafa za ta kai ƙasa kafin mai ya isa ko'ina. Ka sa masta mai faɗi da yawa, matakin ya yi tauri, kana takawa da iya ƙarfinka mota na tafiya abinta. Ganga tana taimakon kanta, juyawarta na ƙara jawo lainin ya kama. Faifai ba ya yin haka, shi ya sa yake bukatar sabo, wannan baƙin tulun da ke amfani da zuƙar inji ya ƙara wa ƙafa ƙarfi. A mastan motar ganga kuma akwai ɗan bawul da ke riƙe matsi kaɗan a bututu ko an saki birki. Ga ganga alheri ne. Ga faifai kuwa, falaketi zai riƙa goga dare da rana har ƙafar ta ɗau zafi.

Sauyin da aka fi yi a nan ma ba na ganga zuwa faifai ba ne, irin wanda Turawa masu tsofaffin motoci ke so. Namu sauyin na neman abinci ne, kuma ta bayan gida yake shafar birki. A ɗauki sauyin inji. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar da sabo ke bukata, injin gas kuwa ba ya yi, sai an haɗa masa famfo na musamman. Wanda ya cire na fetur ya dasa na gas ya manta da famfon nan, zai fita gareji da mota mai tashi lafiya, birkinta kuwa sai an miƙe tsaye a kansa. Ko a ɗauki ƙarin sifirin. Kusan kowace Fijon tasha an ɗaga bayanta don ta ɗauki kaya. To a ƙarƙashin 504 akwai wani bawul da ke haɗe da ƙafar baya, aikinsa ya ji yadda mota ta zauna: idan ta nitse da kaya ya sakar wa birkin baya ƙarfi, idan babu kowa ya rage. Da an ɗaga baya an ƙara masa tauri, sai bawul ɗin ya riƙa ganin motar kullum fanko ce, ko da kuwa mutum goma ne a ciki, aikin tsayawa duk ya koma kan ƙafar gaba. Wasu suka ce to a cire shi gaba ɗaya. Sai kuma ranar da motar ke dawowa ba kaya a kan burji, a taka birki tayun baya su riga na gaba kullewa, gindi ya zagayo gaba. Ƴan ƙalilan ne suka san a sake saita shi bayan an ɗaga mota, kuma a ganina waɗannan su ne injiniyoyin gaskiya da yankin nan ya taɓa yi, ko da babu mai takarda a cikinsu.

Kada a ɗauka ina cewa jiya duk alheri ce. A wancan zamanin ne kuma ake toshe bututun ƙafar da ke yoyo da ƙusa, a ci gaba da lodi da birkin ƙafa uku. A zamanin ne ake labarin zuba ruwan Omo a tulun man birki idan mai ya ƙare a daji, kuma wasu ba sa zubar da shi bayan sun iso gari. Akwai wanda zai ga koren man Citroën, ko ma man inji, ya ce ai mai mai ne. Kwana kaɗan robobin su kumbura, birki ya kama ko ya saki baki ɗaya. Shi kansa man birkin na gaskiya yana shan laima daga iska. Ƙa'idar DOT 3 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa an yarda masa har 140, kuma wa ke sauya man birki a tasha in ba yoyo ya yi ba? Weji da yaron mota ke rungume da shi, yana jiran a tsaya ya diro ya cusa a gindin taya, shaida ce cewa direban kansa bai amince da birkinsa ba. Ga kuma ƙurar lainin. Tsohon lainin da asbestos ake yin sa, abin da Faransa ta haramta tun daga farkon 1997 saboda yana jawo cutar huhu da kansa, amma yaran gareji da baki suke hure ƙurarsa daga cikin ganga.

Abin da ya karya Fijo ba lalacewa ba ce, kuɗi ne. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986 ya koya wa Ƙonni kabu-kabu, babur ya fara cin ƙananan hanyoyin da mota ke ci. Daga 1986 naira ta kama gangara, sabuwar motar Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan Faransa suka ninka kuɗi a dare ɗaya. Tashar jiragen ruwan Kwatano ta cika da tsofaffin motocin Turai, galibinsu ƙirar Japan, suna hawowa ta Gaya a jere. Hiace mai ɗaukar mutum 19 ta ƙwace dogon zango, manyan bas-bas suka ƙwace hanyar Yamai, ƙananan Toyota suka ƙwace cikin gari. Kaduna ta yi ta haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina, sannan ita ma ta ajiye.

Gaskiya birkin motocin yanzu ya fi na da, kuma duk wanda ya ce ba haka ba, ƙuruciyarsa yake kewa. Samun kaya ma ya yi sauƙi. Bakanike a Malbaza zai ɗauki hoton falaketi da waya, ya tura wa mai shago a Kano ko a Yamai ta WhatsApp, gobe a ba direban bas ya kawo. Ba a cika dasa sabon lainin a kan tsohon takalmi da ƙusoshin ribit, ba a cika buɗe kalifa a sauya mata roba ba. A cire a jefar a sa wata. Abin da ya ɓace a hanya shi ne tambayar nan ta "da me zai zauna?" Hoto yana nuna siffa, ba ya nuna faɗin fistan ko irin haƙorin noti. Kwali kuma ya zama abin yarda, alhali a yau babu abin da ya fi kwali saurin ƙarya: suna babba a waje, a ciki falaketin da zai ƙone a gangara ɗaya, ko ya ɓare daga ƙarfensa. Motocin Kwatano su ma haɗe-haɗen ne, Corolla ta Turai da ta Amurka da ta Dubai ba lallai birkinsu ya zo ɗaya ba. Fitilar ABS ta kama a gaban direba, maganin da aka fi yi mata shi ne a cire ƙwan ko a liƙe ta da baƙin salatif. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka yanke, nakan ga matasan makanikai sun koma tonon matattun motoci, kuma a nan ake gane wanda ya zauna gaban tsoho da wanda waya ta rena.

Wani ɗan ƙanwata, ma'aikaci a Tawa, ya gaji 404 salun ta kakansa, ta farko-farkon nan mai ganga a ƙafa huɗu, wadda ta daɗe a ƙarƙashin rumfa kaji na ƙwai a cikinta. Ya ga yadda Turawa ke gyara irinta su sa mata faifai, ya ƙudura shi ma sai ya yi. Ya yi ciniki ta waya, aka aiko masa da kalifa biyu da faifai biyu a buhu, aka ce na 504 ne, za su hau. Na raka shi wurin wani tsohon bakanike a Ƙonni wanda yanzu ido ya fara gajiya, ƴaƴansa ke riƙe da garejin, shi yana kan benci da carbi. Ya sa aka zazzage buhun a gabansa, ya sa jikansa ya wanke, ya bi kowanne da yatsa.

"Ɗana, wa ya haɗa maka waɗannan?"

"Baba, daga mota ɗaya aka ce an ciro su."

"To motar tana da ƙafar hagu biyu ke nan. Duba notin iska. Kuma wannan Girling ce, wannan Bendix. Ko ka ɗaura su, ɗaya za ta riga ɗaya kamawa, motar ta ja ka cikin rami."

Yaron ya ce to a nemo ta dama a daidaita. Tsohon ya ce ya je ya ƙirga notin tayar motarsa. Uku ne. Na 504 huɗu ne. Ke nan sai an sauya har da cibiyar ƙafa da wilin gaba, ya riƙa yawo da safaya iri biyu a but. Bayan wannan ga masta da za a sauya ko a cire masa bawul, ga sabo da motar ba ta zo da shi ba, sai an nema masa wurin zama. Ya ce in dai faifan yake so tsakani da Allah, hanya ɗaya ce mai tsabta: a samo 404 ta ƙarshe-ƙarshe wadda ta zo da faifai daga masana'anta, a kwaso ƙafafun gabanta da mastanta da sabonta gaba ɗaya, kada a bar ko tiyo. Sannan ya tambaye shi abin da babu wanda ya tambaye shi tun farko, wato ina zai riƙa zuwa da ita, da mutum nawa.

"Cikin gari ne, Baba. Sai ko ranar salla in kai su Inna Illela."

"To gangar da ta kai kakanka Agadas ba za ta kasa kai ka Illela ba."

A hanyar komawa yaron ya yi ta ƙunƙuni. "Kawu, tsofaffin nan ba sa son ci gaba." Ban goyi bayansa ba, ban kuma ce tsohon ya gama magana ba, don faifai ya fi ganga, kuma da za a samu matacciyar 404 mai faifai da ni ma na ce a sauya. An yi cigiya har Katako a Yamai da Panteka a Kaduna, ba a dace ba. Mafi yawan irinsu ƴan gwangwan sun riga sun sare sun auna a kilo.

Aka dawo kan gangar. An kai ta wurin mai injin gyaran ƙarfe ya share cikinta kaɗan, bayan tsohon ya sa an auna ya tabbatar da sauran nama a jikinta. An sauya robobin ƙafa huɗu da na masta, an sa sababbin tiyo, an zubar da baƙin man da ya shekara ashirin a ciki, an wanke bututu, an zuba DOT 4. Lainin a Sakkwato aka dasa shi, kuma tsohon ya hana jikansa hure ƙurar, ya ce a jiƙa tsumma a goge. Saitin ya ɗauki yini guda, ƙafa bayan ƙafa, ana juya taya da hannu ana saurare. Kalifofin nan biyu kuwa, ta Bendix ɗin wani mai a-kori-kura da ke jigilar albasa tsakanin Galmi da Tsarnawa ya saye ta, don ta yi daidai da tasa ta hagu da ta tsage. Ta Girling tana nan a garejin, ba a samu mai irinta ba tukuna.